Shekarar da Baba Ya Ce Babu Sauran Shuka

Abin da ya fi ɓace mini a ƙauyenmu ba gidajen ba ne, ko da yake yawancinsu sun zama kango. Ƙarar daka ce. A da, kafin gari ya gama wayewa, turmi ɗaya zai fara daga gabas, wani ya amsa masa daga bayan rijiya, kafin ka wanke fuska duk ƙauyen ya ɗauka, har kana iya gane hannun kowace mace ba tare da ka leƙa gidanta ba. Matar kawuna takan jefa taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Uwata kuwa ba ta wasa da daka, bugunta a jere yake kamar mai yi wa yaro faɗa. Yanzu, in ji waɗanda suka leƙa, ba abin da ake ji sai iska a cikin kara da kukan kurciya. Idan aka ji wata ƙara daban, to ta babur ce, kuma ba mai tsayawa ya ga ko na wane ne.

Ina zaune a Batsari tun da na ajiye aikin koyarwa. 'Yar majami'armu a nan yawancin masu zuwa cikinta mutanen da suka gudo ne daga ƙauyukan bakin daji. Fastonmu yaro ne mai himma, kuma 'yan makonnin nan wa'azinsa duk a kan ƙarshen zamani yake: yaƙe-yaƙe, yunwa, ɗan'uwa yana ba da ɗan'uwansa. Ba na cewa ya yi kuskure. Wanda ya ga abin da mutanen nan suka gani, da wuya ya ce masa ya yi kuskure. Sai dai wata Lahadi bayan an tashi sujada, Ishaya ɗan ƙanena ya biyo ni har gindin darbejiya. Shi ne ya riƙe gonar gidanmu har zuwa lokacin da 'yan bindiga suka ƙone masa rumbuna, ya kwaso iyalinsa ya dawo wurina. Ya ce, "Baba, ka ji abin da fasto ke faɗa. Ga damina ta matso. In koma in shuka bana, ko in bari?" Gonar tana bayan Ruma, daga kan iyakarta ana hango dajin. Na yi karatu har jami'a, ko da yake sai da na manyanta na samu zuwa, amma ban sami abin da zan ce masa ba. An taɓa yi mini wannan tambayar sau ɗaya, ina saurayi, kuma tun ranar take bina.

Gidanmu Maguzawa ne tun asali. A lokacin da nake magana, gidaje kaɗan ne a ƙauyen suka karɓi bishara, mahaifina yana cikin na farko. Kewaye da mu Musulmi ne manoma, sai danginmu da ba su bar al'adar iyaye ba, cikinsu har da kakata, uwar Baba, wadda muke kira Iya. Mai bishara kan zo mana a kan keke jifa-jifa, amma a shekarar ciwo ya mayar da shi garinsu. Ni kaɗai ne na iya karatu, saboda haka Littafi Mai Tsarki yana hannuna, naɗe a cikin tsohon ƙyalle. Gemu ya fara tsiro mini, har Baba ya yankar mini gayauna, wato 'yar gonar kaina da nake nomawa bayan an tashi daga gandu.

Yaran yanzu suna sayen iri a leda a kasuwa, ba su san yadda ake girmama shi ba. A wurinmu, idan an gama yankan gero, kafin a ɗaure dammuna, maigida kan zauna a gindin tari ya zaɓi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, mafi tsawo, mafi cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Geronmu mai gashi ne, irin wanda tsuntsu ba ya son sauka a kansa. Ba a magana da ƙarfi a wurin, ba a tsallake tarin. Daga nan sai a ɗaure dami biyu. Ɗaya a rataye shi a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ɗayan kuma ba ya kwana a ƙauyenmu. Akwai wani gidan malamai a Babban Duhu, maigidan Malam kawai muke ce masa. Duk shekara bayan girbi sukan turo ɗansu da jaki ɗauke da damin irinsu, mu karɓa mu rataye, mu ɗora namu a kan jakin ya koma da shi. In damina ta faɗi aka wayi gari lafiya, kowa ya aika ya karɓi nasa. Ban san wani gida da ke yin haka ba in ba namu da nasu ba, kuma ban taɓa ganin jakin nan ya juya ba kaya ba.

Iya ce ta san mafarin abin. Takan ba da labarin tana kaɗi, mazari na juyawa, ba ta ɗaga kai. Tana yarinya ne, a zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, kafin a ga Bature. Ƙasarmu bakin iyaka ce, mahara kan ratso dajin daga arewa, kuma ba sa zuwa sai an gama girbi, don sun san lokacin ne rumbu yake cike. Ranar da suka zo ƙauyensu, ta tafi ɗebo ruwa. Ta ce abin da ta fara ji shi ne turame sun yi shiru gaba ɗaya, kamar an toshe musu baki. Ta shige cikin duwatsu ta kwanta. Da ta fito, rumbuna suna ci da wuta, geron yana ƙauri yana fashewa, an tafi da uwarta da wanta, kuma ba ta sake ganinsu ba. Ubanta ya ɗora ta a wuya suka yi ta tafiya har Babban Duhu, inda kakan Malam ya ba su ɗaki, da damina ta zo ya ba su iri. Ba a daɗe ba abin ya juyo kan su malaman, ubanta ya ɗauki iri ya kai musu. Tun daga nan suka lura mahara ba sa cin garuruwan biyu a tafiya ɗaya. Takan ƙarasa da cewa, "Ni na ga tashin duniya da idona, maigida. Da gari ya waye kuwa sai da aka nemi abin dakawa." Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

A bazarar shekarar da nake magana ƙyanda ta shigo ƙauyen ta ɗauke ƙannena biyu, mace da namiji, a mako guda. Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya dai riƙa sa ni in karanta masa wuraren da ke maganar tashin matattu da zuwan Ubangiji, in na kai ƙarshe ya ce in maimaita. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauke shi wawa. Mutum ne mai hankali, wanda ya bar tsafin gidansu da sanin abin da zai biyo baya. Ina jin, ko da yake ba zan rantse ba, cewa ba tsoro ne ya fi yawa a zuciyarsa ba. Ɗoki ne.

Da kaka ta yi, wata rana muna gona da hantsi muna yankan gero sai hasken rana ya fara canzawa. Babu gajimare ko ɗaya. Hasken ya yi ja-ja, sannan ya dushe kamar an yayyafa masa toka. Wata iska mai sanyi ta taso daga inda ban sani ba. Tsuntsayen da suka hana mu sakat tun safe suka yi tsit. A gindin tsamiya, ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk ya koma kamar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa. Shanun Fulani da ke gefen gonar suka juya da kansu suka nufi ruga suna kuka. Daga ƙauyen Musulmi muka jiyo ana buga ganga da kwanoni, da muryar wani yana kiran mutane salla. Ba a yi duhu ƙirin ba, amma ni dai da an yi da ya fi mini sauƙi, don wannan hasken bai yi kama da na duniya ba. Na waiwaya na ga Baba ya yar da wuƙa ya durƙusa cikin kara, fuskarsa a sama, yana murmushi. Ya ce, "Ga shi nan. Ya zo." Daga baya na koyi cewa husufi ne, har ana iya lissafa zuwansa, na kuma koyar da yara haka. Duk da haka har yau in gajimare ya rufe rana farat ɗaya, nakan tsaya in ɗaga kai sama.

Rana ta dawo, amma Baba bai dawo yadda yake ba. Ya ce wannan gargaɗi ne, kuma Alƙali yana bakin ƙofa. A al'adarmu, in an zuba hatsin gandu a babban rumbu sai a liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Rani kuwa a ci abin da mata da samari suka noma. Baba ya hana a liƙe. Ya ce ba za a same shi da rumbu a rufe ba alhali ga makafi da gwauraye da marayu. Duk wanda ya zo da ƙwarya sai a cika masa. Da aka zo maganar zaɓen iri, ya ce babu sauran shuka, cire iri rashin bangaskiya ne. Dakan uwata kuwa ya ƙara ƙarfi.

Ana cikin haka, wata rana da azahar, sai ga jakin Babban Duhu a ƙofar gida. Habu ne ya koro shi, ɗan Malam, tsarana. Ya yi sallama, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Habu. Sannu da hanya. Yaya Malam, yaya mutanen gida?"

"Duk lafiya. Malam yana gaishe ku, ya ce a ƙara yi muku ta'aziyyar yara. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, mun gode. Yaya gajiyar girbi?"

"Da godiya. Iya, ina wuni?"

"Ina zan wuni, kai da ka zo mini hannu rabbana ko goro babu? Zauna, a kawo maka fura."

Baba ya sauke damin irinsu da hannunsa, ya taka turmi ya rataye shi a rufin ɗakin girki, ya gyara masa zama daidai inda hayaƙi ke bi. Da ya sauko ya karkaɗe hannu, ya ce, "Ka gaya wa Malam bana ba mu cire iri ba."

Habu ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jakin. Can ya ce, "To Baba, jakin fa?"

Jakin yana tsaye a tsakar gida yana kora ƙuda da wutsiya. Iya ta ajiye mazari, abin da ba kasafai take yi ba.

"Nomau," ta kira Baba da sunansa na yanka, "in ba mai shuka baɗi, mi ya sa ka rataye na mutane cikin hayaƙi? Bar ma ƙwari su ci mana."

"Wannan amana ce, Iya. Za a tambaye ni."

"Tumbin jikokina da suka rage fa? Shi ba za a tambaye ka ba?"

Baba ba ya mayar wa uwarsa magana, sai ya juyo wurina. "Ɗauko Littafi. Ka karanta a gaban kowa. In ya ce lokaci ya yi, ba abin da zai fita gidan nan. In ya ce da saura, a ɗora wa jaki kaya."

Na kwance ƙyallen. Na karanta wurin alamu, inda aka yi maganar rana za ta duhunta. Baba yana gyaɗa kai. Da na so in tsaya a nan, amma idona ya riga ya gangara ƙasa, kuma na ji tsoron in karanta rabi in bar rabi a abin da za a yi mini shari'a a kansa. Na ci gaba har inda aka ce ranar ba wanda ya san ta, ko mala'iku, da inda aka yi maganar mutum biyu a gona da mata biyu suna niƙa, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Na rufe.

"To?" in ji Baba. "Ya zo ko bai zo ba?"

"Baba, ni dai ban sani ba."

"Da idonka ka ga rana."

"Na gani."

"Na hana ka kiwo na tura ka koyon karatu don ka dawo mini da ban sani ba?"

Na san duk abin da na faɗa, wani zai ci ko ya rasa saboda shi. Na ce, "Abin da na lura kawai, in ban yi kuskure ba, an ce a gona zai sami mutane, mata kuma a kan dutsen niƙa. Ina ganin kamar, wataƙila, in akwai abin niƙawa a ranar, to wani ne ya shuka shi."

Iya ta tuntsire da dariya har tana tari. "Kun ji maigidana! Magana duk kamar da wataƙila. Ranar da zai nemi aure ma haka zai ce ma ɗiyar mutane, wataƙila ina sonki."

Habu ya toshe baki. Ya ce a hankali, "Mu ma ranar Malam ya ja mu salla, ya ce ayar Allah ce. Da aka idar ya ce kowa ya koma yankan geronsa."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Hatsin gandu na riga na ba Ubangiji, ba zan karɓe ba. Gayaunarka taka ce. In ka ga dama ka ɗora masa."

Ni da Iya muka zauna muka zaɓi zangarnu daga ɗan abin da gayaunata ta ba da. Damin bai kai rabin na kullum ba. Da Habu ya ɗaure shi a bayan jaki, ya yi kama da kayan yaro. Haka ya tafi.

Ranin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Kowace safiya Baba yakan tsaya a bayan gida yana duban gabas, sannan ya shigo ya ce a cika wa masu ƙwarya. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa daga nesa, kuma ba zan ce dukansu ba su da bukata ba; na san gidajen da hatsin nan ya raya. Amma hannun uwata ya riƙa nutsewa cikin rumbu har kafaɗa, daga baya sai da aka saka yaro ciki ya share ƙasansa. Sannan aka ci na mata, aka ci sauran na gayaunata, har ɗan abin da na ɓoye a tulu da niyyar iri, ranar da ƙaramar ƙanwata ta kwana tana kuka. A lokacin na gane wani dalili na biyu na kai iri nesa, wanda Iya ba ta taɓa faɗa ba: irin da ke kusa da turmi ba ya kai damina in yara suna jin yunwa. Damin Malam kuwa yana rataye a kanmu, baƙi ƙirin da hayaƙi, muna ganinsa duk lokacin da muka shiga ɗakin girki. Ko zangarniya ɗaya Baba bai bari an zare ba.

Sai hadari ya haɗo daga gabas, daga inda yake duba kullum, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta yi ƙamshi. Maƙwabta suka fita da sungumi. Baba ya yi zamansa a zaure. Na sauko da damin Malam na ɗora a kai na kama hanyar Babban Duhu, na dawo da namu. Ɗan damin nan bai isa ko kashi ɗaya cikin uku na gandun ba. Sauran muka cike da abin da dangi suka tsakuro mana, wani wuri kuma ya kwana ciyawa. Ranar shuka ina gaba ina sara da sungumi, sai na ji motsi a bayana. Baba ne, da ƙoƙon iri a hannu, yana jefawa yana rufewa da diddige. Muka kai ƙarshen kunya, ya tsaya ya dubi gabas. Ya ce, "Yana zuwa fa." Na ce, "I, Baba." Ya ce, "Bari dai ya same ni da ƙasa a ƙafa."

Daminar ta yi mana tsanani. Mun ci tafasa da rama har bakinmu ya yi kore. Iya takan ce ta ƙoshi ta tura wa yara kwanonta, kuma ba mu gane abin da take yi ba sai da ƙafafunta suka kumbura. Mai bishara ya dawo a lokacin, ya zauna kusa da ita ya yi mata maganar baftisma. Ta saurare shi da kyau, ta ce ta tsufa da sabon suna. Ta rasu gero yana fitar da kai, ba ta ɗanɗana tumu ba. Wannan shi ne abin da ya fi hana ni sukuni a duk maganar ranar shari'a. A ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Na karanta abin da na iya karantawa, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, wasu suka ba ni amsa mai kaifi, wasu mai laushi, ba wadda na iya riƙewa da hannu biyu. Ba ni da ikon buɗe mata ƙofa, ba ni kuma da ƙarfin zuciyar rufewa. Abin da nake sa zuciya a kai kawai shi ne, Alƙalin da ke zuwa ya san ta fiye da yadda na san ta, kuma ya ga kwanon nan da take turawa. Ko wannan ya isa a kira shi bege, ban tabbata ba. Shi dai nake da shi.

Musayar irin ta ci gaba bayan Baba da Malam, jaki ya koma keke, keke ya koma babur, har zuwa 'yan shekarun nan da hanya ta gagara. Na ɗauka abin ya mutu ke nan. Irinsu na ƙarshe da ke wurinmu ya ƙone tare da ɗakin girkin Ishaya, namu ma na gida ko ƙwaya bai tsira ba.

A makon da Ishaya ya yi mini tambayar nan, da la'asar, muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Yara suka ruga ɗaki, matar Ishaya ta sunkuci jaririnta ta maƙale a bayan ƙyaure. Sai muka ji sallama. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, da buhu ɗaure a bayan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jiki da iyali da zaman haƙuri, sannan ya ce shi ne Lawal ɗan Habu, yanzu suna Safana, su ma sun taso. Ya kwance buhun. Zangarnu ne dogaye masu gashi.

"Baba, irinku ne. Kafin mahaifinmu ya rasu ya ce kada mu bari ya mutu a hannunmu. Duk shekara mukan shuka shi a gefen gona mu cire sabo. Ranar da muka gudo, shi muka fara ɗauka, tunda ba namu ba ne."

Na ce, "Lawal, naku da ke wurinmu ya ƙone."

"Mun ji, Baba. Allah ya tsare gaba."

Ya sha ruwa, ya ce zai koma tun da sauran rana. Ya hau babur, ya kama igiyar da ya kwance yana naɗewa a hannu, bai tayar ba. Na dubi bayan babur ɗin, ba komai a kai. Na ce wa Ishaya ya shimfiɗa tabarma. Na zazzage buhun, na raba zangarnun gida biyu, na ɗaure rabi na miƙa. Na ce, "Ka kai wannan. Ka shuka in kuna da inda za ku shuka, in babu ka rataye mana a hayaƙi." Ya karɓa da hannu biyu. Na ce ya bi babbar hanya, kada ya tsaya wa kowa.

Da ƙarar babur ɗin ta ɓace, Ishaya ya tsuguna yana shafa gashin geron. Ya ce, "Baba, har yanzu ba ka ba ni amsa ba."

Na ce, "Ban sani ba, Ishaya. Ban san ko ƙarshen ne ba. Ban san ko kai za ka girbe abin da ka shuka ba, ko ma za ka dawo. Ba zan ce maka ka tafi ba." Sannan na gaya masa abin da kakansa ya faɗa a ƙarshen kunya. Ban san ko na kyauta da na gaya masa ba.

Shekaranjiya ruwan shuka ya sauka. Yau da asuba ya ɗauki sungumi da ƙoƙo, ya bi wasu manoma da suka haɗu za su shiga gonakin bakin daji tare su fito kafin azahar. Na raka shi bakin titi na yi masa addu'a, na dawo na tsaya a ƙofar gida. Gabas akwai sauran gajimare. Yamma, wajen dajin, akwai wani abu baƙi-baƙi da ke kwance a ƙasan sama, idona kuma ba ya iya rarrabe hazo da hayaƙi yanzu. Ina duban nan ina duban can, sai na ji matarsa ta jawo turmi a tsakar gida, ta zuba ɗan hatsin da za ta yi masa fura in ya dawo, ta fara daka. Na kasa kunne. Turmi ɗaya ne, ba wanda ya amsa masa tukuna.